Sauron Kurmi da Tsakar Gidan Baƙo: Fatakwal, Anacha da Inugu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Katsina ko Sakkwato ya san sauro a matsayin baƙon damina, wanda yakan sauka bayan ruwa ya zauna, ya yi ta'adinsa cikin Agusta da Satumba har zuwa kaka, sa'an nan idan iskar hunturu ta buso, kududdufai suka ja baya, tabkuna suka tsattsage, sai ya ragu ƙwarai, mutane su naɗe gidan sauro su rataye, su sami sararin barci har wata shekara. Da wannan sani ne Bahaushe yakan hau motar shanu ko ta albasa, ya wuce Lokoja, ya gangara kurmi, ya sauka a bakin gadar Anacha, ko a Garkin Inugu, ko ya zarce Fatakwal. Kuma da wannan sanin ne yakan yi kuskurensa na farko, domin ya zo ƙasar da sauro ba baƙo ba ne, ɗan gari ne, shi ne ma ya riga kowa zama. Ruwan da ke sauka a Fatakwal cikin shekara ya haura milimita 2,000, yana farawa tun wajen Maris bai ɗauke ba sai Nuwamba, alhali kuwa na Kano bai cika kai 1,000 ba, kuma cikin wata huɗu ko biyar yake zubowa ya gama. Wanda ya zauna yana jiran hunturu ya yi masa maganin sauro a bakin teku, lalle jiransa zai yi tsawo.

Ba jiya ba ne Hausawa suka fara zama a waɗannan garuruwa uku. Anacha tsohuwar kasuwa ce ta bakin Kwara, wadda fataken Arewa da Nufawa suka daɗe suna saukowa cikinta ta jirgin ruwa, shi ya sa har yau mai yawo cikin garin zai ga Titin Bida da Titin Sakkwato da Titin Kano. Inugu da Fatakwal kuwa 'ya'yan kwal ne: an gano shi a duwatsun Udi cikin 1909, aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal cikin 1912 domin fitar da shi, jirgin ƙasa ya haɗa garuruwan biyu cikin 1916, sa'an nan da aka buɗe gadar Makurɗi cikin 1932 sai hanyar shanu ta miƙe daga Arewa har teku. Zaman ya yi ƙarfi har ya kai ga Malam Umaru Altine, Bafillacen ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko cikin shekarun 1950, abin da mutanen yanzu sukan ji kamar almara.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, sauro yana da hannu cikin yadda aka shata waɗannan garuruwa tun farko. Turawa sun daɗe suna mutuwa a bakin Kwara ba su san sababi ba, suna ɗora laifin a kan iskar fadama, har Likita Baikie ya hau kogin cikin 1854 yana ɗura wa mutanensa kwinin safe da yamma, ya komo bai rasa ko mutum guda ba. Sai cikin 1897 ne Ronald Ross, wani likitan soja a ƙasar Indiya, ya ga ƙwayar cutar a cikin tumbin sauro, mas'alar ta warware. Amma hukuncin da masu mulki suka ciro daga wannan ilimi ya fi karkata ga tsare kansu: dokar birane ta zamanin Gwamna Lugga, ta 1917, ta sa a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa zaton sauro ba zai ƙetare shi ba. Su suka hau tudu inda iska take, talakawa da baƙi suka sauka kwari inda ruwa yake kwanciya. Abin da aka bar wa unguwannin talakawa shi ne duba-gari, mai farin kaki da ludayi, wanda yakan shiga gida ba sallama mai tsawo, ya kamfaci ruwan randa ya ɗaga shi ga haske, in ya ga tsutsa ko ɗaya tana mutsu-mutsu sai sammaci da tara. An ƙi jininsa, kuma ba a rasa dalili ba, gama akwai cin zarafi da karɓar na goro a cikin aikin. Amma ludayin nan nasa yana kan gaskiya, ko da mai riƙe da shi ya kauce mata.

Gaskiyar kuwa ita ce sauro ɗan ruwa ne kafin ya zama ɗan iska. Macen ce kaɗai take cizo, don tana bukatar jini ta ƙulla ƙwai, ta saka ɗari ko fiye a zama guda bisa ruwan da ba ya gudu. Ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa, tsutsa ta dunƙule, sa'an nan ta fashe sauro ya tashi, duka cikin kwana bakwai zuwa goma idan akwai ɗumi, ɗumi kuwa ba ya yankewa a kurmi. Sai dai kalmar sauro da muke faɗa jimla ce, a ƙarƙashinta akwai ƙabilu, kuma uku daga cikinsu ne suke raba tsakar gida a tsakaninsu, kowa da irin ruwan da yake so da sa'ar da yake fita.

Akwai na kwata, wanda masana suke kira Kyuleks, mai launin ƙasa-ƙasa, mai son ruwan ƙazanta na lambatu da masai da ramin wanka. Shi ne mai kukan nan a kunne wanda yake hana barci, shi ne kuma ya fi yawa a birni. Akwai Anofilis, mai kawo zazzaɓin cizon sauro, wanda bai cika son ƙazanta ba, ya fi son ruwan sama mai haske da rana take bugu, irin wanda yakan taru a sawun kofaton shanu, da gurbin tayar mota, da ramin da magina suka bari. Ba shi da yawan hayaniya, tsakar dare yake aikinsa, in ya sauka a bango sai ya ɗaga gindi sama kamar mai ruku'u. Na uku shi ne Edis, baƙi mai zanen fari a ƙafafu, mai cizon rana, wanda ya ɗauki mazubin ɗan Adam ya mai da shi gidan haihuwa, watau duro da gwangwani da ɓawon kwakwa da tsohuwar taya, shi ne kuma mai ɗauke da shawara da zazzaɓin dengi. Saboda haka wanda ya fi damunka ba lalle ne shi ne mai kashe ka ba, kuma mutum yana iya yashe kwatarsa tas ya bar makashinsa a ɗan ruwan da ke bayan turken rago.

Kowane ɗaya daga garuruwan uku da irin ruwan da yake jarraba shi. Na Fatakwal daga sama yake zuwa kuma daga ƙasa yake tsatsowa, domin garin shimfiɗe yake a bakin fadamun teku, ana haƙa kaɗan sai a tad da ruwa. A Diobu, da kewayen kasuwannin Mil Ɗaya da Mil Uku, da wajen Oyigbo inda manyan motocin Arewa suke sauke doya da dabbobi, kwata takan cika ta tsaya cik don ba ta da gangaren da za ta bi. Na Anacha na kogi ne da na cunkoso: unguwannin kwari irin su Fegge da Okpoko suna karɓar ruwan da ya gangaro daga tudu tare da ledar kasuwa da robobinta, in Kwara ta yi ambaliya kuma, kamar yadda ta yi cikin 2012 da 2022, sai ta ja baya ta bar ɗaruruwan ƙananan tabkuna a bayanta. Na Inugu shi ne mai ban mamaki, domin garin tudu ne, ruwa ba ya kwana a titi kamar na Fatakwal, amma ƙasarsa ba ta ba da ruwan rijiya da sauƙi, famfo kuma ba ya isar jama'a, har ya zama tankar ruwa da 'yan garuwa su ne madogarar gidaje da yawa. Wanda ya sayi ruwa da tsada ba ya zubar da shi, sai ya tara a duro da tanki da jarka, ya tari na indararo ya ƙara. Ta haka ƙarancin ruwa ya haifar da abin da yawansa ya haifar a wani wuri. Ba banza ba ne cibiyar Gwamnatin Tarayya mai binciken cututtukan da sauro da ire-irensa suke yaɗawa take zaune a Inugu, kuma a jihar ne shawara ta ɓarke cikin Nuwamban 2020 a ƙaramar hukumar Igbo-Eze ta Arewa, ta yi kisa kafin a gane ta, alhali allurar rigakafinta guda ɗaya tak ta isa mutum har ƙarshen ransa.

A nan akwai wata mas'ala ta fiƙihu da ya kamata a tsaya a kanta, domin na sha ganin ta rikita mutanen kirki. Ɗalibin da ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala ya san cewa ruwan da ake ɗahara da shi shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba, ya kuma san cewa ƙwaron da ba shi da jini mai gudana ba ya najasta ruwa. To, ruwan duron masallaci da tsutsar sauro take iyo a ciki, garau yake, ba wari ba launi, alwala da shi ta inganta ba tare da wani saɓani ba. Sai mutum ya ɗauka tun da ruwan mai tsarki ne, ai ba shi da aibi. Amma tsarki daban, aminci daga cuta daban. Hukuncin farko na malamin fiƙihu ne, na biyu na likita ne, kuma ba su yi karo da juna ba, hasali ma shari'a ta riga likita, tun da ya tabbata cikin ingantattun hadisai cewa an yi umarni da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka idan dare ya yi. Ƙwaron da Allah Maɗaukakin Sarki ya buga misali da shi a cikin Suratul Baƙara, wanda kuma masu tafsiri suka ruwaito cewa da shi aka halaka Lamarudu duk da rundunarsa, bai cancanci raini daga mai ilimi ba. Ga shi kuwa ba inda ruwa yake taruwa a unguwar Hausawa kamar wurin alwala: ga duro a buɗe, ga butoci ashirin kowace da ragowar ruwa a gindinta, ga ɗan kwatamin da ruwan yake bi ya tsaya a bayan katanga.

Amma idan aka bi silsilar al'amarin har tushe, ba jahilci ne babbar illa ba, rashin mai gida ne. Galibin Hausawan waɗannan garuruwa haya suke yi, a gidajen da ɗakuna suke fuskantar juna, goma ko goma sha biyu, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya, maƙwabcin ɗaki Ibo ne ko Ikwere ko Ibibiyo, mai gidan kuwa yana can wata unguwa, ba a ganinsa sai ƙarshen wata. Wasu ma ko hayar ba su yi, a rumfar kasuwa suke kwana, ko a zauren masallaci, ko ƙarƙashin tirela. Bayan wannan kuma akwai abin da ke cikin zuciya: jama'ar da ta ga rikicin 1966 da yaƙin da ya biyo baya har 1970, ta kuma ga tarzomar Anacha ta 2006, ba a yi mata mamaki in ta riƙa zama da takalmi a ƙafa. Sai ka tarar da dattijon da ya shekara talatin a Inugu, ya aurar da 'ya'ya a nan, amma in an yi zancen sayen buhun siminti a gyara kwata sai ya ce, "Alhaji, mu da muke baƙi? Ai gida za mu koma." Ya gina gida mai kyau a Funtuwa ko Gusau wanda yake kwana a ciki sati biyu a shekara lokacin Babbar Salla, sauran sati hamsin kuwa yana ba sauron unguwar Asata ta Inugu jininsa da na jikokinsa. Ba zargi nake yi ba, don na san abin da ya sa; amma ci-rani da ya kai shekara talatin ya tashi daga ci-rani, ko mai yinsa bai yarda ba.

Tsakar gidan haya ta kowa ce, don haka ba ta kowa ba ce, kuma malamai suna da suna ga irin wannan aiki, wanda idan wasu suka yi ya faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kuwa kowa ya ɗauki alhaki. Ba fatawa nake bayarwa ba, ƙiyasi ne kawai na mai kallo. Abin lura dai shi ne unguwannin nan ba su rasa shugabanci ba: akwai Sarkin Hausawa, akwai Sarkin Fawa da shugabannin 'yan albasa da 'yan tumatir da direbobi, akwai liman da ladan, kuma jama'ar da take iya tara kuɗi cikin yini guda ta sallami gawa ko ta fanshi ɗan'uwa daga hannun hukuma ba za a ce buhun yashi da shebur biyu sun gagare ta ba.

Gwamnati tana da nata tsarin, watau tsabtace muhalli na Asabar ɗin ƙarshen wata, wanda aka gada daga mulkin Buhari da Idiagbon cikin 1985, jihohi da yawa kuma suna riƙe da shi. Aibinsa lissafi ne: sauro yana cika zagayensa cikin mako guda da 'yan kwanaki, saboda haka tsakanin wata Asabar da wata ya yi zuriya uku. Kuma sau da yawa abin da ake yi ran nan shi ne a kwashe dagwalon kwata a tara a bakinta, ruwan yamma ya zo ya mai da shi inda ya fito. Ma'aunin da ya dace da sauro shi ne mako, mu kuwa muna da ranar da ba ta ɓace wa kowa. Da za a mai da safiyar Juma'a, ko yammacin Alhamis, lokacin kewaya gida, da an yanke masa zuriya kafin ta yi fiffike: a juye duro, a goge cikinsa da soso, domin ƙwan Edis yana manne wa bango ne, yana kuma jure bushewa wata da watanni, a rufe tanki da murfi mai kama baki, ko a ɗaure masa yanki na tsohon gidan sauro, a kife butoci da kwatarniyar kaji da kaskon awaki, a cike ramuka da yashi ko ɓaraguzan gini, musamman a turken dabbobi da inda mahauta suke wanke kayan ciki, a ɗaura raga a bakin bututun iskar masai, a liƙe tsagar murfinsa. Ruwan da ba ya zubuwa kuma ba ya rufuwa, akwai maganin kashe tsutsa da ma'aikatan lafiya suka sani. Baƙin man mota da wasu suke tuttulawa a kwata yana kashe tsutsa, gaskiya ne, don yana toshe mata numfashi, amma a gari irin Fatakwal, inda rijiya take kusa da kwata kuma ruwan ƙasa yake kusa da sama, wannan gyaran gangar auzinawa ne.

Abin da mutane suka fi dogara da shi kuwa, watau hayaƙi da feshi, shi ne mafi raunin makamai. Turaren ɓawon lemo da ganyen darbejiya da ɗoɗɗoya yana korar sauro na sa'a guda ko biyu. Ibo ma suna da ganyen miyarsu mai ƙanshi da suke kira ncanwu, wanda aka ce ma'anar sunan mai korar sauro, kamar yadda mu ma muke da ciyawar da muke kira sarakuwar sauro, ka ga ashe kowa ya sha wuya ya yi wa abin suna. Maganin igiya da ake kunnawa yana taimakawa a fili, amma a ɗakin da mutum shida suke kwana taga a rufe, tari ne ake saye da kuɗi. Mafi hatsari shi ne fiya-fiya, wanda ake ɗurawa a kwalabe ba suna ba awo, asalinsa maganin ƙwarin gona ne, ba a yi shi don ɗakin kwana ba. Cikin 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantuna, amma har yanzu yaro yakan yayyafa shi a ƙarƙashin tabarma, ya rufe ƙofa, ya kwanta. Ga shi kuma sauron da kansa ya fara jure magungunan feshin da aka saba, har ya sa gidajen sauron da ake rabawa yanzu ake ƙara musu wani sinadari. Mu 'yan Arewa ma muna da hujja a gida: a Garki ta ƙasar Kano, wadda yanzu take Jigawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gwaji tsakanin 1969 da 1976, aka fesa ɗakunan ƙauyuka da magani mai ƙarfi, aka haɗa da rabon ƙwayoyi, cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta komo.

Kada kuma a fahimci cewa gyaran tsakar gida ya ɗauke wa mutum gidan sauro, domin Anofilis yana iya tasowa daga fadamar da ke nesa da unguwa, inda tsintsiyarka ba ta kai. Nijeriya ita ce take ɗauke da kimanin kashi 27 cikin 100 na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, da kusan kashi 31 na masu mutuwa da shi, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2022, mafi yawansu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na ƙananan yara, ya sauko daga 42 a 2010, kuma inda abin ya fi tsanani ba kurmi ba ne, Kebbi ce, da kashi 49; shi ya sa aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a Kebbi da Bayelsa cikin Disamban 2024. Bambancin shi ne na Arewa yana zuwa ne a dunƙule cikin damina, har ana iya tarar sa da maganin da ake bi gida-gida ana ba yara wata-wata, na bakin teku kuwa ba shi da wata. Matar da ta zo daga Zariya da goyo tana tsammanin masu rabon maganin damina za su ƙwanƙwasa mata ƙofa a Diobu, gara ta ɗaura gidan sauro tun daren farko, ko da zafi da gumi sun sa shi ya zama kamar kurkuku, in jikin yaro ya yi zafi kuma a gwada jini kafin a sayi magani.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne ma'aikatan dare, kuma su ne ƙashin bayan zaman Hausawa a kudu: mai gadi a ƙofar gidan wani, mai shayi, mai tsire, ɗan dako da ke jiran motar asuba a bakin gada, yaron mota da ke kwance bisa buhunan albasa. Sa'ar da Anofilis yake fita ita ce sa'ar neman abincinsu, gidan sauro ba ya bin mutum bakin aiki. Abin da ya rage musu shi ne riga mai dogon hannu, da safa, da man shafawa mai korar sauro, da kuma duba kewayen rumfarsu da rana, tun da galibi ruwan wanke kofi da na wanke tire a nan gefe ake zubar da shi kullum, wuri guda, har ya yi gurbi.

Akwai kuma wuri ɗaya da ko duba-gari na da bai cika leƙawa ba, sai wanda ya hau bene a Anacha ko Fatakwal ya dubo rufin rumfuna da ɗakunan kwano daga sama zai gan shi: tsofaffin tayoyi ne, jere, an ɗora su don kada iska ta yaye kwano. Cikin irin waɗannan tayoyi ne wani ɗan'uwan Edis, mutumin Asiya, ya bi jiragen ruwa ya zagaya duniya, aka fara ganinsa a Nijeriya cikin 1991 a Jihar Delta, ƙetaren kogi kaɗan daga Anacha. Taya ba ta zubar da ruwanta duk yadda aka juya ta, tana da inuwa, tana da ɗumi, ba kifi ba kwaɗo. Sai an huda ta huɗu ko biyar ta ƙasa, ko an cika ta da yashi, ko an sauke ta an sa dutse a madadinta. In ba haka ba, ko an share ƙasa ƙal, ƙwan yana nan manne a cikin robar tun daminar bara, bisa kan masu barci, yana jiran ruwan Maris.